Kwana uku a kan dutse a ƙasar Tula

Tun ranar Lahadi na dawo Gombe amma sai yau na samu natsuwar zama in rubuta labarin tafiyar nan, don har yanzu in na miƙe tsaye sai cinyoyina sun tuna min da dutsen. Asalin tafiyar Innarmu ce ta jawo ta. Akwai abokina da muke koyarwa a makaranta ɗaya, ɗan ƙasar Tula ne, Kirista, shekara shida kenan duk sallah a gidanmu yake cin tuwo, in Inna bata jin daɗi shi ke fara zuwa dubiya da ledar lemo. Rannan take ce min, yaron nan kullum yana ƙofar gidan nan, kai ko sau ɗaya ka taɓa takawa ka gaida iyayensa? Zumunta ai a ƙafa take. Wallahi naji nauyin maganar. Sai kuma aka yi dace hutun tsakiyar zango ya zo, yace zai je gida ya taya babansa baibayar ɗakin mamansa kafin zafi ya shigo, nace to da ni za'a. Ya dube ni yace Malam, gidanmu fa ba cikin garin Tula yake ba, kan dutse ne, mota bata zuwa, mashin ma baya kaiwa. Nace ba komai, muje.

Ranar Laraba da yamma muka shiga kasuwa muka yi tsaraba. Shi ya faɗa min abin da ake so a can, yace kar in wahalar da kaina da biskit da lemon gwangwani, gishiri zan saya da sukari da ganyen shayi da sabulu da magi da ashana da batirin rediyo, sai basilin babban kwalba saboda faso. Ni kuma na ƙara da bargo ɗaya na gwanjo mai kauri na naira 7,000 don Baba, Inna ta ƙulla min turmin atamfa na Mama da ƙullin yajin daddawa.

Alhamis bayan asuba muka hau Keke Napep zuwa tasha, hazo ya rufe gari, kowa ya naɗe kai da rawani ko hular sanyi. Sharon muka samu, naira 3,000 kowa zuwa Kaltungo, kaya kuma ɗan kamasho ya dage sai da muka ƙara 500. Daga Gombe zuwa Kumo zuwa Billiri babu wani abin labari, gonaki ne an girbe sai karan dawa da shanu suna kala. Shinge huɗu na ƙirga, uku direba ya ɗan rage gudu ya miƙa hannu muka wuce, ɗaya kuma aka ce mu sauko aka buɗe but, aka tambayi mai buhun gishiri, abokina yace na gida ne, aka duba katinmu aka ce Allah ya kiyaye hanya. Tun daga Billiri ƙasa ta fara canjawa, duwatsu suka fara fitowa ɗaiɗai cikin hazo kamar an zana su da toka, kafin mu shiga Kaltungo wani fasinja ya nuna min Dutsen Kilang can ya tsaya shi kaɗai da tsininsa.

A Kaltungo muka karya da shayi da ƙosai. Garin nan duk ɗan Gombe ya san shi da asibitin masu cizon maciji, har daga jihohin maƙwabta ana kawo mutane, saboda yankin akwai gobe-da-nisa sosai, ƙaramin macijin nan mai kalar ƙasa da in ya sari mutum jini ke ƙin tsayawa. Ni dai sunan asibitin kawai na sani, ban san daren Juma'a zan ji labarin yadda ake isowa gare shi daga kan dutse ba.

Acaba muka ɗauka biyu, 2,500 kowanne, muka bar babban titin Yola muka fara hawa. Hanyar tana lanƙwasa tana nannaɗe dutse, ɗan acaba ya saka giya ta ɗaya mashin yana kuka, in ka leƙa gefe sai kaga rufin gidaje can ƙasa kamar akwatin ashana, iska kuma tana ƙara sanyi duk da rana ta ɗaga. Tula gari ne mai tarihi, zamanin Turawa nan ne hedikwatar yankin Tangale-Waja, har yanzu tsohon gidan yarin yana nan. Abokina yake min bayanin cewa su kashi uku ne manya, Wange da Baule da Yiri, sarkinsu Mai Tula, kuma kirarin da ake musu shi ne Tula maza ba tsoro, don mayaƙan da suka riƙa zuwa daga ƙasa a kan dawakai basu iya cin mutanen kan dutsen nan ba. Da na ga wajen da idona na gane dalili, doki ai ba inda zai saka ƙafa. Bamu daɗe a garin ba, muka sake hawa wani mashin 1,500 ya bi da mu wata burtali mai tsakuwa har inda hanya ta ƙare a gindin wata tsamiya. Nan muka tarar da yara biyu 'ya'yan yayansa suna jiranmu tun safe. Yarinyar bata fi shekara goma sha biyu ba, ta naɗa gammo ta ɗora buhun gishiri da sukari a ka, ta kama hanya ko waiwaye babu.

Awa ɗaya da rabi muka yi muna hawa, da hutawa uku. A hanyar ne na fara ganin abin da har yau yake raina. Duk gefen dutsen gona ce, amma ba irin tamu shimfiɗaɗɗiya ba, hawa-hawa take kamar matakala. An tsinci duwatsu an jera su layi-layi, ba laka ba siminti, tsayinsu wani zuwa gwiwa wani zuwa ƙugu, bayan kowane layi ƙasa ta taru ta kwanta, wani filin faɗinsa bai fi tabarma biyu ba amma ga kututturen dawa a ciki. Abokina yace in babu jerin nan ruwan sama ɗaya zai wanke ƙasar ya kai ta kwari ya bar musu dutse tsura, jerin ne ke tare ƙasa kuma yana tsayar da ruwa ya nutse. Na tambaye shi wa ya jera, yace kakannin kakanni, mu dai gyara muke duk shekara. Na tsaya na dafa wani dutse a cikin jerin, ya fi ƙarfin mutum biyu, kuma an zaunar da shi daidai an cusa ƙanana a ƙarƙashinsa ko motsi baya yi.

Gidan yana wani ɗan fili ne tsakanin manyan duwatsu biyu da suke tare masa iska. Ɗakuna biyar zagayayyu na laka da jinka, rumbu uku a ɗore kan duwatsu saboda gara da ɓera, akurkin kaji, garken awaki da aka kewaye da dutse, sai wata kanya a tsakar gida. Mutanen gidan bakwai ne, Baba da Mama, kakar abokina wadda ta tsufa sosai bata jin Hausa sai yarensu, matar yayansa da mijinta ya tafi neman kuɗi, da yara uku. Baba ya taso daga inda yake yantar ciyawa ya riƙe hannuna da hannu biyu, tafinsa kamar ɓawon itace, yace sannu ɗana, kai ne Malamin, yaya hanya, yaya sanyi. Na durƙusa nace lokacinsa ne Baba, Inna tana gaishe ku. Mama ta kawo ruwa a ƙwarya na shanye tas na nemi ƙari aka ƙaro, har na wanke fuska da ƙafa da sauran. Sai washegari na san abin da ruwan nan ya ci kafin ya iso ƙwaryar.

Ban tambayi komai game da sallah ba amma sun riga sun shirya. Baba ya kai ni kan wani falalen dutse mai santsi bayan ɗaki an share shi, ya nuna min inda rana ke fitowa yace nan ne gabas, in akwai gyara kai ka sani. Ga sabuwar buta da abokina ya aiko a saya tun satin da ya wuce. Da yamma kuma sai ga yaro da zakara da wuƙa ya tsaya gabana, Baba yace ɗana kai zaka yanka, don kaci da natsuwa. Na karɓa nayi bisimilla na yanka, kuma gaskiya sai da idona ya kawo ruwa, don kajin gidan duka ban ƙirga sun kai goma ba. Tuwon jar dawa aka yi da miyar kuka, dawar da hannu aka niƙa ta a dutsen niƙa tunda inji sai an sauka ƙasa, tuwon yana da ɗan tsakin da ke sa ka san hatsi kake ci. Mama ta ɗanɗana yajin Inna ta jinjina kai ta ɓoye shi cikin ɗaki.

Sanyin kan dutse daban yake da na Gombe. Mu a gari ƙarfin sanyi ai ya riga ya karye, da rana har fanka ake nema. Can ma da rana akwai zafi, amma rana na faɗuwa sai kaji kamar an buɗe firij, iska ta taso tana bi ta tsakanin duwatsu tana kuka. Kowane ɗaki akwai gurbin wuta a tsakiya, an saka gungume ɗaya yana ci a hankali har safe, hayaƙin yana fita ta jinka, shi ya sa cikin rufin yayi baƙi ƙirin yana sheƙi, Baba yace hayaƙin ne ma ke hana ƙwari cin itacen. Na kwanta kan gadon kara da rigar sanyi da safa da mayafi biyu amma wajen ƙarfe uku sanyi ya tashe ni. Ina kwance ina jin tarin Baba daga ɗakinsa, tari mai zurfi irin wanda ya daɗe, ina jin ɗan akuya yana kuka, babu janareta babu hon babu lasifika, rabona da irin wannan shirun tun ina yaro a ƙauyen kakanmu.

Kafin asuba naji motsin jarkoki. Na fito na tarar Mama ta ajiye min ruwan ɗumi a buta kusa da murhu, ita da surukarta da yarinyar nan suna shirin tafiya ruwa. Nayi sallah nace zan bi su, Mama tace a'a baƙo baya ɗiban ruwa, na dage, abokina ya saka baki sannan ta yarda. Da tocila muka gangara ta bayan gida, tafiyar kusan minti arba'in, wani wajen sai ka juya ka dafa dutse da hannu. Idon ruwan yana cikin wani lungu ƙarƙashin dutse, an kewaye shi da ƙananan duwatsu kamar kwano, an rufe da ƙaya saboda awaki da birai. Ruwan ba gudu yake ba, tsatsafowa yake. Mun tarar da mata uku na maƙwabta a kan layi, kowace ta tsuguna da ƙoƙo tana jira ya taru ta kwasa a hankali kar ta tada laka, ta juye a jarka ta sake jira. Na duba agogo, jarka ɗaya ta ci fiye da minti ashirin. Hannun yarinyar duk ya farfashe da sanyi, tana hura shi da baki tana kwasa. Mama tace min yanzu ma da sauƙi ɗana, nan da wata ɗaya da rabi wannan zai ƙafe, sai mun sauka can rafi mu tona yashi, zuwa da dawowa rabin yini.

Jarka uku muka samu. Na ɗauki ɗaya a kafaɗa, ita Mama mai shekara sittin da wani abu ta ɗora tata a ka ta wuce gaba tana hawa tana hira. Ruwan nan uku shi ne sha da girki da wanke-wanke da na kaji da 'yan awakin da basa iya sauka, na mutum bakwai da baƙi biyu. Ruwan da aka wanke hatsi ba'a zubarwa, na awaki ne. Wanda aka wanke kwano da shi gindin wani ɗan barkono da gwanda ake kaiwa. A unguwarmu mu ma muna kukan ruwa, famfo sai ya ga dama, amma ko ba komai zaka leƙa waje ka ƙwala wa mai kura kira ka biya ya juye maka, ga madatsar Dadin Kowa da ake jawo mana. Na tuna ruwan da na wanke ƙafa da shi jiya, daga ranar ban ƙara alwala da fiye da rabin buta ba har na sauko. Kuma abin da ke cina a rai shi ne ba wani gagarumin aiki wajen ke nema ba, ko tankin da zai tara ruwan damina aka samu, da matan nan sun huta wata biyu ko uku.

Mutanen gari muna da wata magana wai manomi da rani zaman banza yake. Duk mai faɗin haka yaje ya kwana biyu a can. Ana shan kunun tsamiya kowa ya kama nasa. Yara suka kora awaki, matar yaya ta hau sussukar dawa, Mama ta tafi itace, mu kuma muka zauna yantar shuci. Ciyawar tun watan da ya wuce Baba yake yankanta dami-dami yana tarawa a kan wani dutse nesa da gida kaɗan. Yadda ake yi, ka ɗebi ciyawa cikin hannu ka daidaita gindinta, ka ɗaure da igiyar rama, ka ɗebo wata ka haɗa, haka har tayi tsawo kamar tabarma a naɗe ta, ita za'a warware a kan tsaiko daga ƙasa zuwa sama kowane layi yana rufe na ƙasansa. Baba ya duba tawa ya warware ya sake nuna min ba tare da faɗa ba, yace in ta yi sako-sako ruwan farko zai sauka kan gadon mamanku. Bayan azahar, don Juma'a bata samu ba babu masallaci kusa, muka koma gona gyaran jerin duwatsun da ruwan bara da shanu suka rusa, yaran kuma suna kai takin awaki da toka a kwando suna zubawa tsibi-tsibi a kowane hawa. Baba yace duk abin da ba'a gyara kafin zafi ya tsananta ba to ya zauna kenan, don in zafi ya zo ruwa kaɗai zai cinye musu yini, ga macizai sun fito ba mai son ɗaga dutse.

Sabis ɗin waya wuri ɗaya yake, wani dutse mai kamar turmi a saman gida, sai ka hau ka fuskanci yamma ka ɗaga hannu. Daga nan na kira Inna, ta gaisa da Mama suna ta sannu sannu, Allah ya saka, Allah ya bar zumunci, kamar sun shekara da sanin juna. Cajin waya kuwa wata 'yar sola ce kamar faranti da abokina ya kawo musu bara, ita ke ba da ƙwan fitila ɗaya da daddare.

Daren Juma'a muna jin ɗumi na tambayi Baba me ya sa bazai sauka ƙasa ba, tunda yaransa sun nemi su kama masa ɗaki a gari. Ya daɗe yana gyara wuta sannan yace da can gidaje sun fi ashirin a nan, yanzu huɗu suka rage, sauran duk kufai ne ka gansu da ido. Wanda ya sauka don makarantar yara, wanda ya sauka don asibiti, kuma bai ga laifin kowa ba. Ya bani labarin wani maƙwabcinsu da gobe-da-nisa ya sara da daddare lokacin girbi, suka cire ƙyauren ɗaki suka ɗora shi, maza shida suna karɓa-karɓa da tocila a baki har gindin tsamiya, sannan aka nemo mashin aka saka shi a tsakiya zuwa Kaltungo, Allah ya yi da sauran kwana ya tashi, amma yana warkewa ya kwashe iyalinsa ya sauka. Baba yace ni in na sauka ɗana me zan ci, a gari komai sai kuɗi, nan rumbuna uku, kuma in na bar gonar nan shekara uku jerin ya zube, abin da ubana da kakana suka ɗauka a ka ya koma kwari, ga kabarinsu nan bayan kanya. Nayi masa maganar tarin, nace ko ba zama ba ya sauko a duba ƙirjinsa. Yace in an gama rufin.

Asabar muka cire tsohuwar jinka muka gyara tsaiko, maƙwabta biyu suka zo gayya, aka rufe kusan rabi kafin duhu, sauran aka bari sai an ƙarasa yanta. Daren ne abin ya faru. Wajen sha ɗaya naji ana buga ƙofa ana kiran sunan abokina da ƙarfi cikin yarensu, muka fito sai naga gefen dutsen ta ƙasa yayi ja, wuta ce ta taso tana hawowa, iska na bayanta. Wasu ne suka cinna wa daji wuta don farautar ɓeraye da zomo suka tafi abinsu. Gidan kansa da sauƙi don tun kaka sun nome ciyawar da ke kewaye sun ƙone ta da kansu, amma dutsen da aka tara shuci yana wajen sharar. Kowa ya karyo ɗanyen reshe, maza da mata da yara har maƙwabta, muka yi layi muna bugun bakin wutar, wasu kuma suna jan damin ciyawa suna gudu da shi cikin gida. Ban taɓa sanin wutar daji tana da ƙara haka ba, tana ƙas-ƙas kamar ana harbi, hayaƙi ya cika ido da maƙogwaro, ka kashe nan ta tsallaka can, ƙafarka a kan tsakuwa mai zafi cikin duhu. Ga jarkoki a tsakar gida amma ba wanda ya ko kalle su, kowa ya san ruwan gobe ne. Na hango Baba yana bugu yana tari har ya durƙusa, abokina ya janye shi da ƙyar. Sai wajen ƙarfe ɗaya da rabi wutar ta kai wani falalen dutse ta rasa abin ci ta mutu.

Da gari ya waye muka je muka gani. Dami tara aka tsirar, bakwai sun zama toka. Aikin sati uku kenan na tsoho mai tari, kuma ciyawar da za'a sake yanka a kusa ita ma ta ƙone, sai an tsallaka wani dutsen. Baba ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya tura tokar da ƙafa yace a kwashe a kai gona. Ni raina ya ɓaci fiye da yadda zan iya rubutawa, saboda naman da bai cika tukunya ba wani ya kusa ƙona gida da tsohuwar da bata iya gudu. Nace zan sayi kwano ko bandir ɗaya ne a rufe ɗakin a huta, Mama tace Allah ya yi albarka ɗana amma ɗakin zagaye ne kwano baya zama, kuma da sanyi ƙanƙara ne da zafi tanda. Maƙwabcin da ya zo gayya yace yana da dami uku da ya ajiye don rumbunsa, a ɗauka, nasa zai jira.

Abokina yace shi bazai bar ɗakin a buɗe ba, zai ƙara kwana biyu. Ni dole na sauko. Lahadi ce, suma suna sauka coci, don haka tare muka gangaro, Mama da sabuwar atamfarta ta yafa a kafaɗa tun ba'a ɗinka ba, Baba ya ƙi zama duk da daren da aka yi. Tsarabar da suka haɗa min sai da naji kunyar karɓa, gyaɗa kwano biyu, gurjiya, tsamiya curi uku, garin kuka, da kaza mai rai wai ta Inna ce. Na ce yayi yawa, Baba yace ba naka bane, na wadda ta aiko ka ne. Kaka da bamu taɓa fahimtar maganar juna ba ta riƙe kaina ta daɗe tana magana, abokina yace addu'a take maka. Saukowa tafi hawa wahalar gwiwa amma minti hamsin muka kai gindin tsamiya. Mashin zuwa Kaltungo kai tsaye 4,000, mota zuwa Gombe 3,000, in aka haɗa da tsaraba duk tafiyar ta ci min kusan 35,000. Kafin la'asar ina gida, Inna ta kwance ƙafar kazar ta bata ruwa tana ta tambayata yadda suke, da na kai labarin idon ruwan tayi shiru ta daina tsince gyaɗar.

Jiya Talata da daddare abokina ya kira daga kan dutsen sabis, murya na yankewa. Sun rufe ɗakin, saura ƙulli na can sama. Na tambayi tarin Baba yace tun daren wutar ya ƙaru, baya barci sai a zaune, amma ya yarda zai sauko ranar Litinin a duba shi a Gombe, da sharaɗin kwana biyu kawai zai yi don takin bai gama hawa gona ba. Inna ta sa an share ɗakin zaure an shimfiɗa katifa, tace a gidanmu zai sauka.